Kakin Zuma a Kafireta

Shekara bakwai da gama yaƙin Bama na zamanin Turawa, duk Hadeja babu wanda ya san cikin mota kamar Inuwa. A soja ya koyi aikin, ya dawo ya kafa rumfa a bakin kasuwa. Ƙanen mahaifinsa, Baffa Fannami, maƙerin fari ne mai yin zobe da awarwaro, kuma shi ya riƙe shi tun yana maraya. Amma tun dawowarsa Inuwa ya rage zuwa maƙera. Har ya taɓa cewa a gaban mutane zamani ya wuce ƙirar tsofaffi, maganar kuwa ta kai kunnen Baffa.

Wata Talata Alhaji Umara, dillalin bandar kifi, ya sa aka turo masa motarsa, wata tsohuwar Fod da ya saya hannun wani Bature mai komawa gida. Fetur take zubarwa, ta yi tari ta mutu.

Inuwa ya kwance kafireta, wato inda fetur ke gauraya da iska kafin ya shiga inji. Tsatsa ta ci jikinta. A ciki akwai ɗan gwangwanin farin ƙarfe mai yawo a kan fetur, shi ke toshe hanya idan kofin fetur ɗin ya cika. Ya girgiza shi ya ji ruwa a ciki. Ya huje.

Jikin bai ba shi wuya ba. Ya jiƙa shi a ruwan tsamiya, ya goge da toka da yashi mai laushi har ya yi ƙyalli. Gwangwanin ne ya gagara. Sau uku yana ɗiga masa dalma, sau uku tana yin nauyi tana nutsar da shi. Ya san hannu ɗaya ne a garin nan zai iya wannan liƙi, wato na Baffa, sai dai ƙafarsa ta ƙi zuwa. Ya kankare dalmar, ya tsiyaye fetur ɗin, ya shafa kakin zuma a wurin. Ya sani sarai fetur zai cinye kakin, amma ya ce wa ransa kafin nan sabon da zai aika a sayo ya iso daga Kano.

"Ta gyaru?" in ji Alhaji.

"Ta gyaru, Alhaji. Ku duba yadda take sheƙi."

Abin da Inuwa bai sani ba, garin Guri Alhaji za shi ya ɗauko mahaifiyarsa, Iya Barira, wadda ciwon ƙirji ya kwantar, ya kawo ta asibiti. Lafiya suka je. A dawowa, tsakiyar fadama, rana na tsaka, motar ta mutu inda babu ko inuwar kirki. Tsohuwar ta kwanta a gindin wata ƙaya har la'asar, kafin wasu masunta su ɗora ta a jaki. Motar kuwa bijimai biyu suka jawo ta washegari, ta tsakiyar kasuwa, har ƙofar rumfa.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya tsaya ya ce a buɗe kafiretar a gabansa. Inuwa ya buɗe, ga sauran kaki yana narke a gindin kofin.

"Mene ne wannan?"

"Kaki ne, Alhaji. Ni na sa. Liƙin ya fi ƙarfina."

"Da ka faɗa mini, ai da kwalekwale na ɗauko ta."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Inuwa ya gwammace da marinsa ya yi.

Ya naɗe gwangwanin a tsumma ya bi ta bayan gari zuwa maƙera. Ya durƙusa ya gaida Baffa, ya faɗi komai kansa a ƙasa. Tsohon ya karɓi gwangwanin. Ya jefa abin a ruwan zafi, ya zuba ido har kumfa ta fito ta wuri biyu.

"Huji biyu ne. Ɗaya ka gani."

Ya bar shi ya bushe, ya ɗauki dalma kamar ƙwayar gero a bakin tsinken ƙarfe, ya taɓa nan ya taɓa can. Da aka sa a ruwa, ya tashi sama cak.

"Ka je ka gaida matar nan," in ji Baffa. "Wannan ba ni zan yi maka ba."

Kwana biyu Inuwa yana kaiwa ƙofar asibiti yana juyawa. Ran na uku ya shiga. Iya Barira ta ɗan farfaɗo, Alhaji na zaune gefenta.

"Iya, ga mai gyaran motar," in ji Alhaji.

Ta miƙo hannu ta dafa kan Inuwa. "Kai ne, ɗan nan? An ce ka sha wahala a kanta. Allah ya yi wa hannunka albarka."

Ashe Alhaji bai gaya mata ba. Inuwa ya buɗe baki zai yi bayani, Alhaji ya girgiza masa kai a hankali. Inuwa ya amsa da amin da ƙyar, ya zauna a ƙasa har ta yi barci, sannan ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita.