Layin da Ambrose Ya Ce Kada a Taɓa

Ranar Alhamis ɗin nan, tun ƙarfe tara Rahmatu ta zuba wa kwamfuta ido kamar mai jiran wake ya nuna. Ita ke kula da rumbun bayanai na wata ƙungiyar rigakafin yara da ke da ofis a unguwar Magajiya. An buɗe sababbin wuraren allura, an rufe wasu, don haka sai an gyara wa kowane yaro wurin zuwa, a jerin sunaye mai layi miliyan biyu da ɗoriya. Ƙarfe huɗu saƙo zai fita zuwa wayoyin iyaye mata. In gyaran bai ƙare ba, sai mace ta goya ɗanta tun daga Kwamba ta je ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Kun kuwa san mu, wadda ta sha wannan rana a banza ba lalle ta sake fitowa ba.

Tun jiya aikin ke rarrafe, ko kwata bai ci ba.

Da ta gaji sai ta buɗe fayil ɗin saiti, ta bi shi layi-layi. Can tsakiya ta ga an rubuta: "Abeg no touch. Ambrose."

Ambrose shi ya kafa rumbun nan shekara shida da suka wuce, yanzu yana ɗakin gaba yana fama da wayoyin intanet.

"Oga Ambrose! Zo ka ga wasiyyarka."

Ya shigo da gasasshiyar masara a hannu, ya leƙa. "Kai, ƙanwata, bar wurin nan. Wuta ce ta koya mini hankali." Ya ce a da sau biyar ake ɗauke wuta a yini, tsohuwar na'urar kuwa in ta mutu sai ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Shi ya sa ya umarce ta, duk bayan daƙiƙa talatin ta kwashe abin da ke hannunta ta juye a faifan ajiya.

"Wato mai ɓarar gyaɗa ka mayar da ita, duk ƙwaya goma ta tashi ta share tsakar gida," in ji Rahmatu. "Ga memori, ƙwaƙwalwar aikinta, har giga sittin da huɗu a sabuwar na'ura, kai ka ɗan tsakura mata abin da ko giga ɗaya bai kai ba. Yaushe za ta gama?"

"In aka ɗauke wuta fa?"

"Oga, shekararmu biyu da sola. Kuma kundin da take rubuta kowane canji a ciki ba zan taɓa shi ba, babu abin da zai ɓata."

Sai dai fa sabon saiti ba ya kamawa sai an kashe rumbun an kunna, in kuwa Rahmatu ta tsayar da aikin, duk na jiya ya rushe, sai daga farko. Ambrose ya ajiye masararsa. Ta yi bisimilla ta tsayar.

Ta ƙara memori zuwa giga goma sha shida, ta mayar da juyewar nan duk minti goma sha biyar, ta faɗaɗa wa kundin wuri, ta kashe ta kunna. Sannan ta raba aikin kashi-kashi, layi dubu hamsin-hamsin. Kashin farko, kafin Ambrose ya jawo kujera ya ƙare.

"Ah-ah! Sake, ban gani ba."

Wajen sha biyu aka ɗauke wuta a unguwa, injin niƙan maƙwabta ya yi tsit. Ambrose ya miƙe zumbur, hannu a ka. Lambobi kuwa sai gudunsu suke yi a allo. Rahmatu ta yi dariya har da hawaye.

Kafin kiran azahar an gama kaf. Ta koma ƙarƙashin rubutunsa ta ƙara layi ɗaya: "An taɓa. Rahmatu."

Ƙarfe huɗu daidai wayar Maman Tolulope mai sharar ofis ta yi ƙara. Ta jingine tsintsiya, ta miƙa wa Rahmatu. "Anti, karanta mini, mene ne?"

"Allurar Tolulope ce, ranar Litinin. Sabon wurin, nan bayan layinku."

"Ba sai na hau keke napep ba ke nan?"

"Da ƙafa ma kin isa," in ji Rahmatu, ta miƙa hannu ta karye rabin masarar Ambrose.