Dakan Ranar Lahadi

A Zuru, Briskila ba ta san mutum na yin sujada shi kaɗai ba. Can akwai ganga, akwai zanen Zumuntar Mata, Fasto ya yi addu'a, ita kuwa nata shi ne ta ce amin da ƙarfi. Da aka turo ta aikin unguwarzoma a Fakku, sai ta tarar ita kaɗai ce Kirista a garin. Coci sai Tambuwal: babur zuwa Kebbe, wani babur daga can, ta isa ƙugu na ciwo. Damina na kankama, hanyar ma ta yanke.

Lahadi ta farko ta rufe ɗakinta a gidan Inno, tsohuwar da ta ba ta masauki, ta buɗe Littafi Mai Tsarki. Ta ɗauko waƙa, ta ji muryarta ita kaɗai ba mai amsawa, sai ta yi gum. Lahadi ta biyu ko littafin ba ta taɓa ba. Ta kwanta tana kallon kwanon rufi, kewa na cin ta. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ko bangaskiyar tata ta taro ce kawai, ta baro ta a Zuru tare da gangar.

Duk sanda ta fito wajen azahar, Inno kan ce, "Likita, ya ibada?"

"Lafiya lau, Inno," in ji ta, ko kunya babu. Haka aka yi Lahadi biyar.

A ta shida ƙishirwa ta fito da ita da hantsi. Ta iske Inno da surukarta Lauratu zaune shiru gaban turmi, ga gero a ƙwarya, taɓare a jingine.

Lauratu ta yi zumbur ta miƙe. "An ƙare? Mu yi daka?"

"Me ya hana ku?"

"Inno ta hana. Ta ce ba a daka bisa kan mai ibada. Duk Lahadi sai la'asar maza ka samun fura a gona."

Briskila ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mako biyar manoma na noma da yunwa don a tsare mata kwanciya. Tana iya cewa an ƙare, magana ta wuce. Sai ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Inno, ku yafe mini. Ba ibada nake ba, kwanciya nake yi. Ban iya ni kaɗai ba."

Inno ta dube ta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma lallashe ta ba.

"To, ɗiyata, ni ban san irin taku ba. In kwanciya ta, daka nika yi yanzu. In ibada ta, in jira. Ke ka faɗi."

Lauratu ta riga ta kama taɓarya. Briskila ta miƙe.

"Ku ba ni kaɗan, Inno. Ba zan kai azahar ba."

Ta koma ɗaki, ta ma manta da ruwan da ya fito da ita. Ta durƙusa a kan siminti, gidan ya yi tsit saboda ita.

"Ya Uba," ta ce, "ni ce. Ka koya mini."