Faifan Baraka

Adda Shatu ta ture farantin da bayan hannu har cokalin ya faɗi ƙasa. Farar shinkafa ce da wata miya mai kama da ruwan wanke kwano, an lulluɓe ta da leda.

"Adda, yau kwana uku fa," in ji ɗanta Nafi'u, yana tsintar cokalin. "Likita ya ce in la'asar ta yi ba ki sa komai a ciki ba, roba za su zura miki ta hanci."

"Su zura. Hancin ma zaman banza yake."

Taifot ne ya kayar da ita a rugarsu ta bayan Roni. Nafi'u, da yake ma'aikaci ne a sakatariya, ya ce uwarsa ba za ta kwanta inda kowa ke kwanciya ba, ya ɗauko ta sai asibitin kuɗi a Kazaure. Ɗaki ita kaɗai. Gado in an danna wani abu sai ya tashi zaune da kansa. Injin sanyi na ta hura mata sanyin da ba ta roƙa ba. Banɗaki kuwa ga shi nan cikin ɗakin, wai mutum ya ci a nan, ya kwana a nan, ya zaga a nan, kamar kaza a akurki. Nas-nas sai sun ƙwanƙwasa suke shigowa, suna ta "sannu Hajiya", ita da ba ta san wata Makka ba sai ta jikin kalanda.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ta cin abinci shi ne ƙofar nan. Kwana uku tana kallonta, ba wanda ya yi sallama daga gida.

Ita fa ta san asibiti. Shekarar da saniya ta karya mata ƙafa, Nafi'u yana goye, kwana arba'in ta yi a na gwamnati. Su ashirin a ɗaki ɗaya, ga kuɗin cizo, ga warin magani, ga wata nas mai tsawa kamar an aiko ta. Amma ƙarƙashin gadonta ba wurin sa ƙafa saboda ƙore da kwanuka. A wancan zamanin da su ake gane darajar mara lafiya: ka leƙa ƙasan gado, ka san ko ɗan mutane ne. Ran kasuwa mutanen Roni kan ciko a-kori-kura, su shimfiɗa tabarmi a baranda, a yi ta "ya jiki" har jikin ya ji kunya ya warware. Matar gadon kusa da ita, wata 'yar Babura, ba ta da kowa, sai aka yanka mata rabin dangin Shatu, su ma suna kai mata nata kwanon. Baraka kuwa, aminiyarta tun suna tallan nono, a ƙasan gadon ta tare. Ita ke goyon Nafi'u, ita ke korar ƙuda, ita ke zaginta safe da yamma: "Tashi, raguwa, shanu na jiranki." Da ƙiba Shatu ta fito daga asibitin nan, har mijinta ya ce ko a karya ɗaya ƙafar.

Yanzu ga gado mai tashi da kansa, ƙasansa fes, ko ƙuda babu. Har Baraka ba ta leƙo ba. To wanda ba a zo dubiyarsa ba, ya ci abinci ya warke ya koma wajen wa?

Ba ta tambayi Nafi'u ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta ce masa tana kewar mutane. Shi kuma da ya ga ta yi shiru, sai ya ɗauka hutawa take.

Bayan azahar aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi. Sadiyya mai shara ta shigo, tsintsiya a hannu ɗaya, ɗayan tana fifita da faifai. Shatu ta bi faifan da ido. Layi biyu baƙi, ɗaya ja, ga wurin da jan ya yanke aka cike da kore. Ita ta saƙa shi da hannunta, rinin ne ya ƙare mata a tsakiya.

"'Yar nan, ina kika samo wannan?"

"Wajen maigadi, Hajiya. Wasu Fulani ne kullum sai sun zo da ƙore. Ba a shiga da abincin waje, sai mu shanye. Furar kuwa ta yi."

"Suna ina?"

"Gindin darbejiyar bakin ƙofa. Akwai wata tsohuwa mai baki, tun shekaranjiya take wanke maigadi tas. Shi kuma ya ce ɗan mara lafiyar ne ya hana a bar kowa ya shiga."

Shatu ta juya a hankali. Nafi'u ya shiga gyara hular da ba abin da ya same ta.

"Adda, so nake ki huta. Kin san mutanenmu, in suka cika ɗakin nan..."

"Na huta. Saura ƙiris ma in huta gaba ɗaya."

Ta sauko da ƙafafunta, ta laluba takalmi. Ƙarfen da aka rataye ruwan da ake ƙara mata yana da taya, wannan kam ta yaba wa asibitin kuɗi. Sadiyya ta riƙe ta, Nafi'u ya biyo su yana tura ƙarfen.

"Hajiya, ina za ki?" in ji wata nas a baranda.

"Dubiya za ni. An ce mutanena na kwance a waje."

Suna nan kuwa. Tabarmi huɗu, kawun Nafi'u da carbinsa, matan ruga, ƙore a jere kowace da faifanta, in ban da guda da aka rufe da gefen zani. Baraka ta ɗago, ta kare rana da tafin hannu. Ta daɗe tana kallon yadda wuyan Shatu ya zama kamar sillen kara, sannan ta gyara murya.

"Ashe kina nan. Mu da har mun fara rabon shanunki."

"Wa ya ce ki ba maigadi faifaina?"

"Naki? Shekara goma da kika ba ni. Zauna, raguwa, kafin iska ta ɗauke ki."

Ta zauna. Baraka ta jawo ƙwarya, ta dama fura, ta miƙa mata ludayi. Ludayin ya yi wa Shatu nauyi, sai Baraka ta tallafi hannunta ta ƙasa tana kallon wani wajen, kamar ba ita ba.

Da la'asar likita ya shiga ɗaki da robarsa, ya tarar da gado ba kowa. Da aka nuna masa gindin darbejiya, ya zo ya tsaya, ya leƙa ƙwaryar, ya ga ta kusa rabi. Ya tambaya da wane ruwa aka dama, Baraka ta ce tafasasshe, ko an gaya masa yau ta fara jinya? Ya naɗe robar ya sa a aljihu, ya ce wa nas ta rubuta mara lafiya ta ci, ta kuma riƙa fitowa nan tana duba ruwan da ake ƙara mata.

Can ciki janareta ya yi tari ya tashi. Nafi'u na tsaye riƙe da ƙarfe, gumi ya jiƙa masa shadda. Shatu ba ta dube shi ba, ta dai tura masa sauran furar da gefen ƙafa.

"Kai wannan, sha. In ka gama ka je ka kwanta a ɗakin nan, kada sanyin mutane ya tafi a banza."