Sunan Veikko a Kan Layukan Sirkka

Akwai satar da ba a ɗaure mutum a kanta, ita ce ka goge sunan wani daga aikinsa ka ɗora naka. Wannan ita Veikko ya yi, kuma ban tausaya masa ba.

Kamfaninmu a birnin Oulu yana rubuta manhajar da ke tuƙa injinan ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa. A can cikin zuciyar manhajar akwai tsofaffin layuka da aka rubuta da harshen inji tsantsa. Su ne ke karɓar kiran gaggawa: inji ya ajiye abin da yake yi, ya amsa, ya komo. Abokiyar aikinmu Sirkka ce ta ɗauki aikin yi musu alama. Ta cinye hunturu guda tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana sa shaida, nan wannan yanki ya fara, nan ya ƙare, wannan ƙofar gaggawa ce, wancan aiki ne na kullum. Amfanin alamomin shi ne in inji ya kafe, a bi sawunsa a gano inda ya yi tuntuɓe.

Da Yuli ya zo ta tafi hutu bukkarta ta bakin tafki kamar kowa. Ƙofofi kaɗan suka rage ba ta tantance ba, ta bar musu alamar wucin gadi sai ta dawo. Veikko, shugaban sashenta, ya kwashe aikin duka ya shigar da sunansa. Manya suka yaba, suka ba shi riƙon zuciyar manhajar gaba ɗaya.

Ta dawo ta gani. Ta ci gaba da aikinta. Har kofi take zuba masa.

Amma al'adarmu guda ce: kowane layi yana ɗauke da sunan wanda ya shigar da shi, kuma ranar da ya lalace, mai sunan ake kira, shi kaɗai.

Da sanyi ya kama, wani inji ya kafe da kwantena a sama. Aka bi sawu, sawun ya ɓace daidai ƙofofin nan da Sirkka ba ta tantance ba. Darakta ta ce Veikko ya zo gaban kowa ya yi bayani.

Ya iske Sirkka a ɗakin shan kofi tana yagar burodin kirfa.

"Ƴar'uwa, ki ɗan leƙa mini wani wuri mana."

"Ni? Ranka ya daɗe, ina ni ina aikin manya?"

"Bar wasa. Kin san wurin."

"Na ga dai sunanka a kai. Har na ce a raina, ashe maigidan namu ba taro kawai ya iya ba."

Ya rage murya. "Ki taimaka, zan gyara maganar sunan daga baya. Tsakaninmu."

"Tsakaninmu aka yi yabon?" Ta tura masa farantin. "Ci burodi. Bayani da yunwa ba daɗi."

A wajen taron Darakta ta haska layukan a bango, ta tambaye shi me ya sa ya yi wa ƙofar gaggawa alamar aikin kullum. Ya ce zai duba. Ta nuna ta gaba, ya sake cewa zai duba. Mutanenmu ba masu surutu ba ne, kuma shirunsu ya fi zagi ciwo. Suka bar shi a tsaye yana gumi.

"Veikko, kai ka rubuta wannan?" in ji Darakta.

Ya dubi Sirkka. Ita kuwa taga take kallo.

"Sirkka ce," in ji shi.

"Ban ji ba," in ji Sirkka. "Iska ta yi yawa ta nan."

Ya maimaita da ƙarfi. Sai a lokacin ta tashi ta nuna ƙofofin da ba ta gama ba, ta gyara su, aka sauke kwantenar.

Ba a kore shi ba. An karɓe riƙon zuciyar manhajar an ba ta. An karɓe shugabancin sashe. An cire sunansa daga layukan kaf. Yanzu ko waƙafi zai shigar, sai Sirkka ta duba ta sa hannu. Ranar Juma'a kuma in ya shigo gidan wankan tururi inda ma'aikata ke taruwa, sai maza su tuna suna da uzuri a gida.