Waƙar da Auta ta Rera wa Kaka

Ina durƙushe kan tayar wata tirela, hannuna duk baƙin mai, wayar ta yi ƙara. Juma'a ce, ranar da ake ba ƙanwata Auta minti biyar ta kira gida. Na goge yatsa a wando, na danna naɗi kamar kullum, don Inna tana son ta riƙa maimaita muryar.

Auta ta ce tana lafiya, aiki da sauƙi, mutanen gidan na da kirki. Ina jin tarin matar nan a gefenta, wakiliyar ofishin da ya tura ta aikatau ƙasar waje. Matar tana jin Hausa tsaf, kuma ba ta matsawa sai an kashe waya.

"Yaya Aku," in ji Auta, "bari in yi wa Kaka waƙarta. Ka kai mata yau, ka ji? Yau."

Sai ta ɗauki waƙar da Kaka ke lallashinmu da ita da yarenta muna yara. Karin shi ne, amma kalmomin ba su ba ne. A ciki na tsinci uku kacal: ƙofa, hannu, wuta. Wayar ta mutu.

* * *

Aku suke ce mini a tasha, don yare biyar nake ji. Ban wuce aji huɗu ba, a bakin direbobi na tsince su ina yi musu faci. Ina ciniki da wannan, in yi zagi da wancan, in ba fasinja haƙuri da na uku. Amma yaren Kaka, uwar mahaifinmu, ban iya ba. Marigayi Baba ya hana shi a gidanmu, wai na ƙauye ne, za a yi mana dariya. Auta ce kawai ta kwashe shi, saboda a ɗakin Kaka ta tashi.

Ni ne kuma na koya mata yaren mutanen da za ta yi wa aiki. Wani direba da ya taɓa zama can ya ba ni, ni kuma na ba ta, muna zaune a tsakar gida tana dariyar yadda nake murɗa baki. Na koya mata to, na koya mata na gode, da yi haƙuri, da na gama. Ban koya mata a'a ba. Ban koya mata a taimake ni ba. Ko a raina bai zo ba.

* * *

Na tarar da Kaka a bakin ƙofarta tana tsince wake. Ta dube ni ta ce mijin nata ya dawo da rana tsaka hannu wofi, lalle sakin aure ya kusa. Na tsuguna na manna wayar a kunnenta na dama, wanda ya ɗan fi ji.

Sau uku na maimaita mata. A na farko tana murmushi. A na biyu murmushin ya tafi. A na uku ta ture tiren, waken ya watse a ƙasa.

Ta sa na rufe ƙofa kada Inna ta ji, mai hawan jini ce. Sannan ta fassara mini a hankali, idonta a bango. Ana kulle ƙofa ta waje. An karɓe takardunta. Uwargidan ta ɗora mata dutsen guga a hannu. Maigidan yana taɓa ƙofar ɗakinta in matarsa ta fita. Ba ta san sunan unguwar da take ba.

Washegari na je ofishin da ya tura ta, na samu kwado a ƙofa, an cire allon. Wani lauya mai taimakon irinmu ya saurare ni da kyau, ya ce ba abin da zai iya sai an san inda gidan yake. A tambaye ta abin da take hangowa ta taga: allon shago, lambar gida, ko mene ne.

Kaka ba ta jin waya in ba an maimaita ba, minti biyar kuwa ba ya jira. Dole ni zan yi tambayar, a cikin waƙa, da yaren da ban iya ba.

* * *

Kwana shida ina zaune gabanta kamar ɗan aji ɗaya. Harshena da ke juya yare biyar ya yi nauyi kamar taya. In na karkace ta ɗan buge mini gwiwa.

"Sake, mijina. Haka za ka faɗa ta ɗauka kana tambayar kaza?"

Juma'a na ƙi fita aiki. Na cika wayar da caji, na ajiye ta a tabarma tsakanina da Kaka. Inna tana ta leƙowa, tana tambaya ko 'yar tata ta kira. Azahar ta wuce. La'asar ta wuce. Na gwada lambar, aka ce a kashe take.

Inuwar katanga ta rufe tabarmar. Ban san lokacin da na fara rera tambayar ba, ƙasa-ƙasa, ina kallon baƙin gilashin wayar. Me kike gani ta taga, Auta?

Kaka ta kawo kunnenta na dama kusa da bakina, ta saurara har na kai ƙarshe.

"Yanzu ka faɗa daidai," in ji ta.