Ɗiyar Farin Hassana

A shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, Rahamatu ta cika shekara biyar a rugarsu da ke gefen Kaikai, kuma har ranar uwarta Hassana ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ba ƙiyayya ba ce, Allah ya kiyaye. Ɗiyar fari ce, mace mai kunya kuwa ba ta ambatar ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Kakar yarinyar, Dada, uwar mijin Hassana, ita ta raine ta. Hassana sai dai ta ce "waccan" ko "ta wajen Dada", yarinyar kuma ta ce mata Adda, wato yaya.

To amma an haifi Rahamatu da leɓe a tsage har cikin hanci. Tana jaririya nono ta hanci yake dawowa, sai Hassana ta tatsa a ƙoƙo, Dada ta riƙa ɗura mata kaɗan-kaɗan. Mutane kuwa, ka san su da baki! Suka ce ai ba al'ada ke hana Hassana kula ɗiyarta ba, leɓen take ƙyama. Wannan magana ta ci mata rai ƙwarai, ga shi ba damar musawa.

Wata ranar kasuwa aka yi shela a Kusada cewa wasu likitoci sun sauka asibitin Kankiya, suna ɗinke irin wannan leɓe don Allah, ba ko kwabo, amma kwana uku kacal za su yi. Mijin Hassana yana kudu da shanu. Dada ba ta jira kowa ba, ta saɓa yarinya, ta ce wa Hassana ta ɗauko tabarma da buta, suka hau babbar mota.

Ashe ba su kaɗai ba ne. Daga Yashe, daga Kunduru, har daga hayin iyaka, yara ga su nan jingim ƙarƙashin bishiyar bedi. Aka duba Rahamatu, aka rubuta ta, aka ce rana ta uku, kuma kada a ba ta ko ruwa tun asuba.

Ranar ta zo, rana ta take, ba a kira su ba. Yarinya ta yi laushi da yunwa. Da azahar ta yi, Dada ta ɗauki buta ta nufi rijiyar bayan asibiti, da nisanta kuwa. Ko minti biyar ba ta yi da tafiya ba, sai ga malamin asibiti, Malam Labaran, riƙe da takarda.

"Rahamatu daga Kaikai! Ina mai ita?"

Hassana ta sunkuyar da kai. A gefenta ga mata biyu 'yan garinsu, ɗaya ma dangin mijinta ce, duk sun zuba mata ido. Ta waiga hanyar rijiya, babu Dada, babu alamarta.

"Rahamatu! Kai jama'a, mutum biyu suka rage, likita zai naɗe kayansa. In babu ita in wuce."

Yarinyar da kanta ta miƙe, ta taka ta tsaya gabansa, ta rufe baki da gefen mayafi kamar yadda ta saba. Malam Labaran ya dube ta, ya dubi taron.

"Ba a yi wa yaro aiki sai nasa ya dangwala hannu. Ke baiwar Allah, na ga tare kuke. Mece ce ke a gare ta?"

"Ta wajen surukata ce," in ji Hassana, murya can ƙasa. "Yanzu za ta dawo."

"Ba zan iya jira ba, wallahi. Ba uwa, ba uba, ba kaka, sai dai wata shekarar, in sun sake zuwa." Ya ɗaga alƙalami zai ja layi.

Wata shekarar! Wa ya san ko za su dawo? Hassana ta ji ƙafafunta sun ɗauke ta ba ta san lokacin da ta tashi ba.

"Malam, tsaya. Ni ce uwarta."

Matan nan suka kama haɓa. Ɗaya ta ce, "A'uzubillahi, Hassana!"

"Yanzu kika ce ta surukarki ce," in ji Malam Labaran. Shi ɗan birni ne, aikinsa kawai yake yi. "In ɗiyarki ce, faɗi sunanta in ji."

Ta buɗe baki, sunan ya maƙale. Shekara biyar tana faɗinsa a zuci, harshenta bai san hanyarsa ba. Ta runtse ido.

"Rahamatu. Sunanta Rahamatu. Ɗiyata ce, ni na haife ta."

Ya kama babban yatsanta ya shafa a tawada, ya danna a takarda. Wata nas ta fito ta miƙo hannu za ta shiga da yarinyar. Amma Rahamatu ta ƙi motsi. Ta saki mayafin da take rufe baki da shi, ta riƙo bakin zanen Hassana gam, ta ɗaga kai tana kallonta. Da 'yar muryarta mai fita ta hanci ta ce:

"Adda, sake faɗi."

Hassana ta durƙusa a gaban matan garinsu, ta ɗauki ɗiyarta ta rungume, ita da kanta ta kai ta har ƙofar ɗakin aikin, tana kuka tana kiran sunan.