Tsuntsayen Baba Bu'alam

Tsuntsu na farko ya mutu ne a lokacin da ma'aikatan gas suke haƙa a layinmu da ke unguwar Babul Wad, suna cire tsofaffin bututu suna sa sababbi. Ina zaune a hawa na ɗaya, daidai saman shagon askin Baba Bu'alam, shi ya sa na riga kowa jin shirun. Shekara da shekaru da kukan tsuntsayensa, waɗanda muke kira maknin, nake tashi, da shi nake ɗora kahwa, da shi nake zama gaban keken ɗinkina. Kejinan suna rataye a ƙuryar shagon, wasu a ƙasa, wasu can kusa da silin, inda yake ajiye waɗanda suka fi iya waƙa.

Gidanmu kaɗai ma'aikatan suka tsallake. Da suka zo suka ce sai sun fasa daɓen ƙofar gida kafin su kai ga bututun da ya shigo mana daga titi, mazan gidan suka ce ba su yarda ba. Bara aka shimfiɗa tayil ɗin, kuma Baba Bu'alam ne ya zaɓo shi da kansa.

"Bututun nan tun zamanin Faransawa yake," in ji shi. "Ya ga girgizar ƙasa, ya ga ambaliya. Ku je ku fasa na wasu."

Shugabar aikin, wata injiniya mai suna Hasiba, ta ce za ta dawo da izinin hukuma. Suka wuce gaba da digarsu.

Bayan tsuntsu na farko sai na biyu, sai na uku, duk daga na sama. Da safe zai buɗe shago ya tarar da tsuntsu a kwance a gindin keji, ƙafafu a dunƙule, ba rauni ba komai. Ya canza musu tsaba, ya canza ruwa. Da na huɗu ya mutu, sai ya ɗauke shi a tafin hannu ya tsallaka titi zuwa shagon kahwar Rabah, wanda suka daɗe suna gasar tsuntsaye da shi.

"Rabah, me ka ba su?"

"Ni? Yaya, in zan kashe wani abu a shagonka ai rediyon nan naka zan fara kashewa."

"Tun da nawa ya kayar da naka kake kallonsu da wannan idon."

"Idona bai iya tsinkayar ƙuda a cikin kofi ba, shi ne zai kashe tsuntsu ta tsallaken titi? Je ka buɗe musu taga, tsoho. Ko ni in ka kulle ni da warin man gashinka, mutuwa zan yi."

Masu shan kahwa suka yi dariya. Baba Bu'alam bai yi ba. Daga ranar suka daina gaisawa.

Akwai wasu abubuwan da na lura da su ban gaya wa kowa ba, don ban san me zan ce ba. Kyanwar da ke kwana a ƙarƙashin matakala ta koma wani gida. Kurangar inabin da ke bakin ƙofa ta yi rawaya ta gefe ɗaya. Na sha tsayawa a zaure in ja numfashi, amma ba na jin warin komai sai sabulun aski da danshin teku.

Ran Juma'a da hantsi wankin matakala ya faɗo kaina. Na kwarara ruwan sabulu ya gangara har bakin ƙofa, ya kwanta a kan tayil. Ina shirin sa tsintsiya sai na ga kumfa tana tasowa daga tsagar da ke tsakanin tayil da bango. Ƙananan ƙwayoyi ne, ɗaya bayan ɗaya, su kumbura su fashe. Na share wurin, na sake zuba ruwa. Suka sake tasowa a daidai inda suka fito.

Da silifas ɗina a jiƙe na haura layin. Na sami Hasiba a bakin rami tana cin burodi da zaitun, ma'aikatanta suna shirin tashi saboda masallaci. Ban gama magana ba ta ajiye burodin, ta ɗauko wata na'ura mai dogon hanci.

A bakin ƙofarmu na'urar ta fara ƙara a hankali. Da ta shiga shagon ta ɗaga ta sama wajen kejinan, sai ƙarar ta haɗe ta zama ɗaya. Baba Bu'alam yana tsaye da injin aski a hannu, injin yana ruri, mutum a kan kujera da rabin kai a aske.

"Baba, kada ka kashe shi," ta ce, muryarta a ƙasa. "Kada ka taɓa makunnin. Ɗora shi a kan tawul yadda yake, ku fito."

"'Yata, ai ba wari."

"Ta cikin ƙasa yake biyowa, ƙasar ta shanye warin. Sama yake taruwa. Fito, Baba."

Ya ɗaga kai ya dubi kejinan da babu kowa a ciki. Ya ajiye injin a kan tawul.

Ta tura mutum biyu su rufe gas daga bakin layi, wani ya je a yanke wuta daga waje. Ta hana danna ƙararrawa, ta hana taɓa waya. Muka riƙa buga ƙofofi da hannu, mutane suna saukowa da yara a kafaɗa. Sai da muka taru a tsallake na tuna da Hajiya Wardiyya ta hawan ƙarshe, na ambaci sunanta da ƙarfi. Kurma ce, ƙafafunta ba sa ɗaukarta, kuma duk Juma'a tukunyar kuskus ɗinta tana kan wuta tun safe.

Kafin Hasiba ta juyo, Rabah ya riga ya shige gidan da ƙyallen goge kofi a kafaɗa. Daga inda muke muna jin injin askin yana ta ruri shi kaɗai a cikin shago, har aka yanke wutar ya yi shiru. Shirun ya fi rurin ban tsoro. Ina kallon tagar Hajiya, tururi yana fita ta cikinta, can sai ya daina.

Rabah ya fito da ita goye a bayansa, tana dukan kafaɗarsa da ludayi tana cewa ya bar mata miya a buɗe. Ya sauke ta a kan kujerar shagonsa, ya zauna a ƙasa yana haki. Baba Bu'alam ya je ya tsaya a kansa, ya miƙa masa ruwa.

Ma'aikatan ba su je gida ba ranar. Suka fasa tayil ɗin, Baba Bu'alam yana kallo. Da suka ɗago tsohon bututun sai ya karye a hannunsu, tsatsa tana zuba kamar garin kahwa. Wani wajen har yatsa yana shiga. Hasiba ta daɗe tana juya guntun, sannan ta dubi layukan da ke samanmu, gidaje kan gidaje har kan tudu.

"Duk irinsa ne a can?" na tambaye ta.

"Duk shekararsu ɗaya," ta ce.

Mu dai an sa mana sabo, mai ruwan ɗorawa, kafin sati ya zagayo. Sai ruwan sama ya sauko, don mu a hunturu yake zuwa mana, ramuka suka cika, aka dakatar da aikin sai rani. Ƙanwata Zulaiha tana can kan tudun da 'ya'yanta. Na je na roƙe ta su dawo wurina, ta ce ɗakina ko ni bai isa ba, kuma su ba su ji warin komai ba. Muna cikin maganar ta rufe tagogi saboda sanyi, ta durƙusa gaban hita mai gas tana neman ashana.